Kwalabe Uku Daga Abzin

Akwai ranar da ko mutum ya so ya manta da ita, ita ba ta yarda. Tawa wata Asabar ce a birnin Lyon, ranar da na yini ina bin sawun kwalbar ruwa guda ɗaya kamar wadda ɗanta ya ɓace a kasuwa. Shekaru sun shige, na ga abubuwa iri-iri a wajen aiki, amma wannan Asabar ɗin, in dai ina numfashi, ba za ta fita daga raina ba.

Ni ƴar Damagaram ce. Na zo Faransa karatun duwatsu da abin da ke ƙarƙashin ƙasa, na sauka wajen Gwaggona a La Courneuve, can gefen Paris, a hawa na tara na wani dogon bene. Sanyin farko da na gani a ƙasar nan saura kaɗan ya mayar da ni gida. Kullum na dawo daga jami'a sai in jingina bayana da ƙarfen nan na jikin bango mai ɗumama ɗaki, in ƙi tashi. Wata rana mijin Gwaggo, wanda ke aikin lodi a kasuwar Rungis, ya same ni maƙale da ƙarfen, ya kwashe da dariya.

"Ke mai karatun ƙasa, kin san daga ina zafin nan yake zuwa?"

Na ce wataƙila gas suke ƙonawa.

"Daga ƙarƙashin ƙafarki," ya ce. "Rijiya suka haƙa mai zurfin gaske. Ruwa na fitowa da zafinsa, ya ɗumama gidajen unguwar nan, a mayar da shi inda ya fito."

Ni da nake ta ɗaukar manyan littattafai, ga mai lodin kayan miya ya riga malamaina buɗe mini ido. Nan take na tuna wani wuri. Ina yarinya, kakata ta taɓa tafiya da ni arewa, cikin duwatsun Abzin, neman maganin sanyin ƙashi. Akwai wata maɓuɓɓuga a can wadda ruwanta ke fitowa da zafi daga tsakanin duwatsu, tsofaffi na shiga suna fitowa suna hamdala. Na tuna na tsoma ɗan yatsana na zare da ihu, na tambayi Kaka wa ya hura wutar, ta ce in rufe mata baki, ikon Allah ne.

Daga ranar ban sake samun sukuni ba. Na bi littattafai da malamai har na gane cewa ruwan da ke ƙarƙashin Paris ɗumi ne kawai gare shi, ya isa ɗumama gida amma bai isa ba da wutar lantarki ba. Inda ruwan ya fi haka zafi nesa ba kusa ba, tururinsa na juya inji, inji ya ba da kuran, wato lantarki, dare da rana, ba ƙona man gazuwal, ba jiran rana ta fito. Na ga ƙasashe irin su Kenya sun daɗe da kama wannan hanya. Duk wanda ya taɓa yin bazara a garinmu, ya ga yadda ake ɗauke wuta tsakar rana, ƙanƙarar da mahaifiyata ke sayarwa ta koma ruwa a cikin firigo, zai gane dalilin da ya sa zancen ya shiga jinina.

A shekarata ta ƙarshe aka buɗe wata dama: za a tallafa wa ƴan ayyuka kaɗan na binciken farko a ƙasashen Afirka, kuma ɗalibi na iya shiga in malaminsa ya tsaya masa. Na ruga wajen farfesata, wata dattijuwa mai farin gashi wadda ba ta dariya sai da dalili. Na zuba mata labarin Kaka da maɓuɓɓuga. Ta bari na gama tsaf.

"Abin da kika gani kina yarinya ba hujja ba ce," ta ce. "Kawo mini ruwan."

Dalilinta kuwa shi ne, ruwan da ya sauka can ƙasa ya dahu yana narkar da wasu sinadarai na dutse, ya hauro da su. In aka auna yawansu, ana iya ƙiyasta zafin da ya baro a can, kamar yadda mace ke duba ƙanzo ta san irin wutar da aka yi tuwo da ita. Sai dai akwai sharaɗi. Kwalba ta musamman, a cika ta har baki, a rufe gam, kuma kada kowa ya buɗe sai a labo, ɗakin gwaje-gwaje.

Na aika kwalaben roba uku da ma'aunin zafi gida. Yayana direban babbar mota ne, yana bin hanyar Damagaram zuwa Agadas. Na yi masa bayani a waya har sau uku, ya ce in daina mayar da shi ɗan lakkwal, wato yaron makaranta. Ya je maɓuɓɓugar ya yi aikin yadda na ce, ya naɗe bakin kowace kwalba da sikoc mai liƙewa, ya damƙa wa wata Hajiya ƴar kasuwa, aminiyar mahaifiyarmu, wadda ke da shago a Lyon kuma tana shirin dawowa daga gida.

Ranar da Hajiya ta sauka ta kira ni. Ina cikin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ga cunkoso, ga ƙara. Muka gaisa a gurguje.

"Ɗiyata, wane irin ruwa ne wannan da za a ɗauko tun daga Abzin har ƙasar Turawa?"

"Ruwa ne kawai, Hajiya, ba wani abu ba. Ki ajiye mini, ina nan zuwa Asabar."

Yau in na tuna amsar nan kunya ke kama ni. Ba ƙarar metiro ce ta hana ni bayani ba. Gani nake ko na yi ba za ta gane ba. Mai sayar da atamfa da turare, ina ita ina zancen sinadarai? Haka nake a lokacin, ƴar boko mai ji da kanta.

Injin awon da ke labo ɗinmu layi ake bi, kuma da ƙyar na samu wuri ranar Litinin da safe. In ya wuce ni, sai bayan an rufe karɓar takardu. Don haka Asabar da sassafe na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, da tikitin dawowa na bayan la'asar a jakata. Duk hanya murmushi nake yi ni kaɗai, har matar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko biki za ni.

Shagon Hajiya na La Guillotière, a wani lungu da in ka rufe ido za ka rantse kana kasuwar gida: ƙamshin turaren wuta, yaji, kilishi, da rediyon wani Balarabe maƙwabcinta. Ta rungume ni, ta tambayi Gwaggo da mijinta da yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi karatu, ta tambayi sanyi. Ta ce ba zancen da za a yi sai na ci dambun zogale. Na ci ina leƙen bayan kanta. Da na gama ta shige ciki, ta fito riƙe da wata kyakkyawar kwalbar gilashi mai murfi ruwan zinari, ta ajiye a gabana tana fara'a.

"Ga naki. Waccan robar ba ta da fasali, sai na juye miki a wannan. Kar ki damu, da sabulu na wanke ta sosai."

Na ɗaga kwalbar, har ƙamshin turaren da ya taɓa zama a cikinta yana nan.

"Hajiya... sauran biyun fa?"

"Ɗaya ni da wata ƙawata muka shafa wa gwiwa. Ai na san ruwan nan, wa bai san shi ba? Wallahi jiya na hau bene ban riƙe ƙarfe ba. Na ce yarinya ƙarama me za ta yi da har kwalba uku, ba ciwon gwiwa ba na baya?"

"Ta ukun?"

"Na ba wani bawan Allah, tsoho, mutumin Abzin ne."

Na zauna bisa buhun shinkafa, hawaye suka ɓalle. Wahalar Yaya, watannin da na yi ina jira, layin Litinin, duk sun tafi a gwiwar Hajiya. Cikin kuka na soma faɗa mata abin da ruwan yake, a karo na farko. Ta tsaya tana kallona, fara'ar ta gushe.

"To ba ke kika ce mini ruwa ne kawai ba?"

Gaskiya ta faɗa.

Ba ta tsaya jiran in ba ta haƙuri ko ta ba ni ba. Ta ja gyalenta ta ɗaure a ƙugu, ta sallami wata mata da ke tsakiyar zaɓen atamfa, ta jawo ƙofar shago ta datse. Ranar Asabar fa, ranar cinikinta.

"Tashi. Kuka ba ya cika kwalba. In bai buɗe ba, yau sai mun ƙwato ta."

Tsohon yana da waya, amma Hajiya ta ce a aljihun wata rigar take kwana. Muka hau taram, ƙaramin jirgin cikin gari, zuwa gidansa, maƙwabci ya ce tun hantsi ya fita. Muka juyo masallacin da yake sallar azahar, aka ce yanzun nan ya sa takalmi. Muka nufi shagon wani tela inda tsofaffi ke shan shayi, tela ya nuna mana kofinsa, ko hucewa bai yi ba. Hajiya na gaba, ina biye ina haki. Mace mai jikoki, tana ratsa mutane kamar mai tallar da ta hango ciniki. Har a cikin tashin hankalin sai da na ce a raina, ko dai ruwan nan da gaske yana maganin gwiwa?

Tela ne ya ce mu duba bakin kogi, in rana ta fito can yake zama. Muka gangara bakin Rhône. Daga nesa Hajiya ta nuna wani dogon tsoho siriri a kan benci, da hula da babban kwat, sandarsa jingine a gefe.

"Ga shi can!"

Na so in ruga, ta riƙe mini hannu. "A hankali. Ba a faɗa wa babba da gudu."

Muka yi sallama, na durƙusa na gaishe shi. Gaisuwar nan ta yi mini tsawon shekara. Ya tambayi gida, ya tambayi iyaye, ya ce ya taɓa kwana a Damagaram yana saurayi. Hajiya ta gaya mini a hanya cewa ya fi shekara arba'in a Lyon, aikin gini ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, kuma rabonsa da gida an daɗe. Sai da gaisuwa ta lafa sannan Hajiya ta ce, "Baba, kuskure na yi. Ruwan nan da na ba ku, ashe amanar yarinyar nan ce."

Ya sa hannu a aljihun kwat na ciki, wajen ƙirji, ya zaro kwalbar. Idona ya tafi kai tsaye bakinta. Sikoc ɗin Yaya na nan yadda ya naɗa shi. Na ji wani sanyi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa, saura kaɗan in yi guɗa a bakin kogin Turawa.

"Ba ku buɗe ba, Baba!"

"In buɗe in yi me da shi?" ya ce. "In na shafa ya ƙare. Ni kallonsa nake yi. A ruwan nan uwata ta yi mini wanka."

Murnata ta tsaya cak. Na zo karɓar samfurin labo, na tarar da abin da tsoho ke ɗauke da shi a ƙirji. Na rasa ta inda zan miƙa hannu.

Shi ya sauƙaƙa mini. Ya nuna gefensa a kan benci, na zauna. "Gaya mini, ɗiyata, me za ki yi da shi?"

Na buɗe baki sai Faransanci ya fara zubowa. Ya ɗaga hannu. "Na sha Faransanci wajen shugabannin gini har ya ishe ni. Yi mini da Hausa."

Wallahi ban taɓa yin jarrabawa mai wuyar wannan ba. Shekara da shekaru ina karatun abu, ban taɓa faɗarsa da harshen uwata ba. Na lalubo kalmomi, sannan na ce, "Baba, ƙasar nan da muke takawa, cikinta wuta ce. A wasu wurare duwatsun can ƙasa zafi gare su kamar murhu. Ruwan sama na tsiyaya ta tsagar dutse, ya sauka ya zauna bisa murhun nan, ya dahu, ya nemi hanya ya hauro. Wanda ake wanka da shi, ɗan abin da tukunya ta tumbatsa ne kawai. In aka haƙa rijiya aka kai ga tukunyar kanta, tururinta zai juya inji, inji ya ba da kuran. Ruwan kuma a mayar da shi ƙasa ya sake dahuwa. Wannan kwalbar ita za ta gaya mana ko wutar murhun ta isa."

Hajiya ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! To wannan ne da kika ce ba wani abu ba? Ai ko jikata ta gane."

Tsohon ya jima yana juya kwalbar a hannu. Sannan ya ce, "In kun haƙa, ruwan masu wanka zai ƙafe?"

Na ce in aka yi aikin da garaje yana iya raguwa, shi ya sa ake fara bincike tukuna.

"To ki yi mini alkawari ba za a hana tsofaffi wanka ba."

Na ce, "Baba, ni ɗaliba ce, ba zan yi muku alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Amma zan rubuta shi a takardata, kuma duk inda aka ba ni baki zan faɗa."

Ya dube ni, ya gyaɗa kai. Ina jin da na yi saurin cewa na yi alkawari, da bai ba ni ba. Ya miƙo kwalbar da hannu biyu, na karɓa da hannu biyu. Ina shirin godiya sai ya ƙara wata magana, kamar wanda ke zancen farashin goro.

"Sai dai in zafi kike nema, wannan ai mai sanyin ne."

Na ce, "Na'am?"

"Wannan na wanka ne. Mai zafin yana bayan dutse, tafiyar rabin yini a ƙafa. Ina yaro na bi raƙuman kawuna ta wurin. Raƙumi ba ya yarda ya gurfana a can, ƙasar zafi gare ta. Da sanyin safiya za ki ga tana hayaƙi, ga wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, bakin ramin fari fat kamar an zuba kanwa. Ba mai wanka a can, sai wanda ya gaji da fatarsa."

Na karanta duk abin da na samu a rubuce game da yankin nan, na ƙure hotunan tauraron ɗan'adam har idona ya yi ja, ban taɓa cin karo da zancen wuri na biyu ba. Kuma duk alamun da ya lissafa, ƙasa mai zafi, hayaƙi, wari, farin ɓawo, su ne aka koya mana a aji, shi kuwa ko ƙofar lakkwal bai taɓa shiga ba.

"Baba, za ku iya kwatanta mini wurin?"

"Ba ni abin rubutu."

Na zazzage jaka, ba takarda sai ta tikitin jirgina. Na juya bayanta na ba shi da bik. Hannun da ya yi shekaru yana bin zanen magina bai yi gardama ba. Ya zana maɓuɓɓugar wanka, ya ja kwarin da ake bi, ya sa goriba uku a inda ake karkata hagu, ya zana wani dutse mai kai biyu kamar sirdi. Yana zane yana kiran sunayen wuraren da harshen Buzaye, muryarsa ta canza, ta koma ta saurayi. Ni kuwa na manta da duniya, ina ta jero tambayoyi. Hajiya ce ta duba agogo ta buga salati.

"Ke! Jirginki!"

Yadda muka isa tashar Part-Dieu, Allah kaɗai ya sani. Na tuna Hajiya na tsayar da taram da hannu kamar motar haya a tashar Maraɗi, na tuna na rungume jakata a ƙirji ina hawa matakala bibbiyu, tana bayana tana kiran in riƙe ruwan da kyau. Ina sa ƙafa cikin jirgi ƙofa ta rufe. Da mai duba tikiti ya zo na miƙa masa takardar, ya juya ta, ya ga duwatsu da goriba, ya dube ni.

"Taswirar dukiya ce, madam?"

Na ce masa i, ina dariya ina share hawaye.

Litinin da safe na miƙa kwalbar a labo. Kwana biyun da suka biyo baya ko abinci ban san ɗanɗanonsa ba, har Gwaggo ta ce in ba na so in daina ɓata mata tuwo. Ranar Laraba farfesa ta aiko a kira ni. Na same ta da takardar sakamako a gabanta, tabarau a kan hanci. Ta ce kwalba ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, kuma in sa wannan a kaina. Sannan ta juyo takardar ta nuna mini da bakin alƙalami. Ƙiyasin zafin da ruwan ya baro a ƙasa ya haura na tafasa da tazara mai kyau, irin wanda ya cancanci a je a duba.

Ban iya zama ba. Na zaro takardar tikitin, duk ta yamutse, na shimfiɗa mata a tebur. Muka buɗe hoton yankin a kwamfuta, muka nemo kwarin, muka bi shi har muka ga dutse mai kai biyu. Ta ɗauki abin ja layi ta haɗa maɓuɓɓugar wanka da wurin da tsoho ya sa alama. Layin ya kwanta daidai bisa wata doguwar tsaga da ta ratsa duwatsun, irin tsagar da ruwan zafi ke bi ya hauro. Matar nan da ba ta dariya ta buga tebur da tafin hannu.

"Wane masani ne ya ba ki wannan?"

"Wani tsohon magini ne a Lyon, da ya yi kiwon raƙuma yana yaro."

"To ki sa shi a takardarki," ta ce. "Ya fi wasu da na sani aiki."

Na aika wa Yaya hoton zanen. Ya yi ta mita, wai na mayar da shi mai yawon dutse, amma da ya sake yin lodin Agadas ya nemi wani makiyayi ya raka shi. Bayan kwanaki, ina tsakiyar cin abincin rana a jami'a, bidiyo ya shigo wayata. Ga ƙasa tana hayaƙi da safe. Ga bakin rami fari fat. Ga hannun Yaya ya tsoma ma'aunin zafin da na aika masa, jan layin ya tafi har ƙarshe ya rasa wurin zuwa. Ana jin muryarsa yana cewa, "Ke, abin naki ya ƙure! Tsohon nan bai yi ƙarya ba!" Na yi wata irin ƙara da ta sa duk ɗakin cin abincin ya juyo. Ban damu ba. Na rungume wata ɗaliba da ko sunanta ban sani ba.

Asabar ɗin da ta biyo na koma Lyon, wannan karon ba don karɓar komai ba. A shagon Hajiya muka haɗu, ta aika aka kira tsohon, har da ƙawar nan tata mai gwiwa. Na riƙe masa wayar. Ya kalla sau ɗaya, ya ce in mayar. Ya sake kallo. A na uku ya sa yatsa a kan gilashin, a gefen hoton inda wata bishiya ta fito.

"Ta girma," ya ce. "Da na bar ta, kaina ta kai."

Hajiya ta juya tana gyara atamfofin da ba su buƙatar gyara.

An karɓi takardarmu. Da tallafin nan aka yi awon farko a wurin, ni ma na taka da ƙafata, na ji zafin ƙasar ta cikin takalmi. Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau ba a kunna ko ƙwan fitila ɗaya da tururin nan ba. Irin wannan aiki doguwar tafiya ce: awo bayan awo, sannan rijiyar gwaji, sannan a ga ko abin zai ɗauki kansa, kuma yana iya ƙi. Muna kai har yanzu. Maganar masu wanka kuwa tana shafin farko na duk rahoton da na rubuta. Tsohon ya rasu shekara biyu bayan haɗuwarmu, Allah ya jiƙansa da rahama.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, rainin da na yi wa mutanena ya kusa cinye mini aikina, kuma bakin da na buɗe na yi musu bayani shi ya ba ni abin da babu a littafi. Da na tsaya minti biyu a waya na gaya wa Hajiya gaskiyar abin da ta ɗauko, da ba ta taɓa murfin ba. Da kuma tsoho bai tilasta mini yin Hausa ba, da na karɓi kwalbata na yi godiya na tafi, shi kuma ya shiga kabari da taswirarsa a ka. Tun daga lokacin, duk garin da aiki ya kai ni, kafin in fito da na'ura ko ɗaya sai na nemi tsofaffin wurin, na zauna a ƙasa, na gaya musu abin da ya kawo ni da harshen da suke ji. Sannan in yi shiru in saurara.